Damina ta canza hali, kasuwar duniya ta buɗe baki: ina rumbun Najeriya?

A watan Fabrairun 2024 hukumar karɓar koke-koke da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta garƙame wasu ɗakunan ajiya a kasuwar Dawanau, bisa zargin masu su da ɓoye hatsi. A cikin waɗancan makonni mata suka tare hanya a Minna saboda tsadar abinci, masu gurasa suka fito a Kano suna kukan farashin fulawa, jami'an kwastam kuma suka shiga tare tirelolin da ke shirin tsallaka iyaka da masara da gero. Gwamnatin tarayya ta ce za ta fitar da tan 42,000 daga ma'ajiyarta. Kafin tsakiyar shekara hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. A watan Yuli aka ba da sanarwar ɗage haraji na kwana 150 a kan shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba.

Da aka shiga 2025 kukan ya koma wani gida. Farashin masara da shanshera ya karye, mai saye a birni ya ɗan numfasa, manomi kuma ya wayi gari sai ya sayar da buhu biyu ko fiye kafin ya iya ɗaukar buhun taki ɗaya. Ƙasa ɗaya, gonaki ɗaya, cikin abin da bai kai shekara biyu ba an tashi daga zargin ɗan kasuwa da ɓoye abinci an koma manomi na rantsuwa ba zai sake noma masara ba.

Wannan kai-komo shi ne ainihin ciwon. Ana yawan cewa matsalar Najeriya ita ce ba ta noma abin da zai ishe ta, kuma akwai gaskiya a ciki, tunda jama'a sun haura miliyan 200 kuma ana hasashen za su wuce miliyan 350 nan da 2050. Amma ko a shekarar da aka yi albarka, ƙasar ba ta da abin da za ta riƙe albarkar da shi har zuwa shekarar da aka yi asara. Abin da gwamnati ta fi iya juyawa da sauri shi ne ƙofar kan iyaka: a rufe idan manoma sun yi kuka, a buɗe idan birane sun yi kuka. A da wannan dabarar tana ɗan yin aiki. Abubuwa biyu ne suka lalata ta, sauyin yanayi da irin yadda kasuwar abinci ta duniya ta koma.

Idan aka ce sauyin yanayi, yawancinmu fari ke zuwa mana a rai, kuma muna da dalili. Dattawa sun ji labarin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 daga iyayensu, wasu sun ga farin 1973 da na 1984 da idonsu. Tafkin Chadi da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke ƙwarai a shekarun 1980, har babban shirin noman rani na kudancin tafkin, wanda aka kashe wa maƙudan kuɗi a Borno, ya tsaya cak saboda ruwa ya gudu ya bar magudanansa a bushe. Sai dai abin da ke faruwa yanzu ya fi haka rikitarwa. Jimillar ruwan sama a yankin Sahel ta ɗan farfaɗo idan aka kwatanta da shekarun 1980. Abin da ya canza shi ne yadda ruwan ke zuwa. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa manyan hadarurruka masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin tun daga 1982. Wato ruwan da ya kamata ya sauka a hankali cikin mako uku sai ya sauka a dare ɗaya, sannan sama ta ɗauke.

Duk wanda ya san gona ya san abin da hakan ke nufi. Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta jiƙa kamu ɗaya, kowa ya fita da sungumi. Iri ya tsiro ya yi kunne biyu, sai a yi kwana goma sha biyar ko ashirin babu ko yayyafi. Tsiron ya ƙone. A sake shuka da irin da aka ranto, a makare, ga shi ba a san ranar da ruwa zai ɗauke ba. Wanda ya yi binne yana jiran ruwa shi ma caca yake yi. Idan shuka ta tsira, sai marka ta zo da ƙarfin da zai wanke takin da aka zuba jiya, ya kwantar da masarar da ta fara goyo. A ƙididdigar ƙarshen shekara za a ga an samu ruwa daidai gwargwado, amma rumbun manomi bai san da wannan ƙididdiga ba.

Ambaliya kuwa ta zama baƙuwar kowace 'yan shekaru. Ta 2012 an ce ba a ga irinta ba cikin shekaru arba'in. Bayan shekara goma ta 2022 ta zo ta kashe mutum fiye da 600, ta raba sama da miliyan ɗaya da muhallinsu, ta cinye gonaki daga Jigawa har Bayelsa, kuma sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru ya ƙara wa kogin Binuwai ƙarfi. A watan Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri. A watan Mayun 2025 aka yi ta Mokwa. Abin lura shi ne wuraren da ambaliya ta fi ci su ne fadamu da bakin koguna, inda ake noman shinkafar da ƙasar ta ɗora wa burinta na dogaro da kai.

Akwai kuma zafi, wanda ba a cika maganarsa ba domin ba ya rusa gida. Alkamar Kadawa da ta kwarin Haɗejiya sanyin hunturu take so. Idan an makara shuka, ko hunturu ya gajarta, zafin ƙarshen Fabrairu da Maris ya riske ta tana cika ido, sai a girbe ƙaiƙayi. Kwari ma sun samu fili: tsutsar tumatir da ta share gonakin Kano da Kaduna a 2016, da tsutsar masara da aka fara gani a Afirka ita ma a 2016.

Ƙasar da girbinta ya zama haka, bana sama baɗi ƙasa, dole ta riƙa cike giɓi daga waje. To amma wajen ma ya canza. Mutanen duniya sun kai biliyan 8 a watan Nuwamban 2022, kuma yawan kawuna ba shi kaɗai ke ja ba. Duk inda talaka ya samu sauƙi yakan ƙara cin nama da ƙwai da madara, kuma kaza da saniya hatsi suke ci. Chaina kaɗai tana shigo da waken suya kimanin tan miliyan 100 a shekara, yawanci don abincin dabbobi. Amurka tana mai da kusan kashi ɗaya cikin uku na masararta man mota. Saboda haka mai neman masarar tuwo yana takara da gidan kaji da tankin mota, kuma su sun fi shi kuɗi.

Wannan jan yana isowa har Dawanau. Mai shiga kasuwar da kaka zai ga sassan da ba tuwo ake nema ba: mata zaune suna tsince riɗi, 'yan dako na jera buhunan zoɓo da citta da waken suya, ana ɗinke baki ana lodi zuwa tashar jirgin ruwa. Riɗin Jigawa da Nasarawa da Binuwai yana tafiya Chaina da Japan da Turkiyya, zoɓo yana tafiya Meksiko. Ni ban ga laifin manomin da ya ba riɗi rabin gonarsa ba. Riɗi ba ya cin taki kamar masara, yana jure ƙarancin ruwa, kuma da dala ake sayensa. Amma kowace kadada da ta koma riɗi ta fita daga lissafin gero da dawa, kuma babu wata hukuma da ke riƙe da wannan lissafin da gaske.

Faɗuwar naira ta ƙara buɗe wannan bakin. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Ga mai riƙe da sefa a Maraɗi ko Garwa ko Kwatano, hatsin Najeriya ya zama araha ta ban mamaki, duk da cewa mu a nan muna ganin ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba. Tirelolin da kwastam suka riƙa tarewa ba wata makarkashiya ba ce, lissafin canji ne. Haka kuma cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya hau kan kowane mudu: kuɗin mota daga ƙauye, man injin ban ruwa, kuɗin niƙa.

Taki ya fi komai nuna yadda kasuwar duniya ke shiga gonar da ba ta taɓa jin sunanta ba. Najeriya tana da iskar gas, kuma da ita ake yin yuriya. Masana'antar Dangote da aka buɗe a Lekki a 2022 tana da ƙarfin tan miliyan 3 a shekara, ga ta Indorama a Eleme. Ƙasar tana yin yuriyar da ta fi ƙarfin buƙatarta, ana fitar da ita Burazil da Amurka. Amma tunda mai masana'anta zai iya sayarwa da dala, farashin da manomin Funtuwa zai biya farashin duniya ne. Kamfa kuma sai an shigo da sinadaransa, wani daga Maroko, wani daga ƙasashe irin su Rasha. Shi ya sa yaƙin da ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a Fabrairun 2022 ya taɓa mu ta fuska biyu, ta taki da ta alkama. Kusan duk alkamar da ake yi mana burodi da taliya da gurasa da fanke daga waje take zuwa, miliyoyin tan a kowace shekara. Cikin shekara arba'in mun sauya abin karin kumallonmu zuwa abin da ƙasarmu ba ta iya nomawa da yawa, ba tare da kowa ya zauna ya yanke shawarar hakan ba.

Wata fuskar ta kasuwar duniya ita ce ta fi haɗari: tana rufewa daidai lokacin da ake buƙatarta. A 2008 da farashin shinkafa ya ninka kusan sau uku cikin 'yan watanni, manyan masu fitarwa sun hana fitarwa. A 2022 Indiya ta hana fitar da alkama bayan zafi ya ƙona amfaninta, Indonesiya ta dakatar da manja na ɗan lokaci. A watan Yulin 2023 Indiya, wadda ke riƙe da kusan kashi 40 cikin ɗari na cinikin shinkafar duniya, ta hana fitar da farar shinkafa ta gama-gari, ba ta sassauta ba sai a Satumban 2024. Maƙwabta ma haka: a watan Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina Faso. Kowace gwamnati tana tsoron biranenta fiye da yadda take jin kunyar abokan cinikinta. Tunda kuma sauyin yanayi na iya buga ƙasashe da dama a shekara ɗaya, irin wannan rufe ƙofa zai riƙa yawaita.

To me Najeriya ta tanada? Tarihin shirye-shiryenta dogo ne, ba sai an daɗe a kansa ba: shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, juyin noma na Shagari a 1980, hana shigo da alkama a 1987 wanda aka janye bayan 'yan shekaru, rabon taki ta wayar salula a zamanin ministan noma Akinwumi Adesina. Na kusa shi ne shirin bashin manoma na Babban Banki da Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, wanda ya ci fiye da naira tiriliyan ɗaya, aka haɗa shi da rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. A yi adalci, noman shinkafa ya ƙaru, injinan casa sun yawaita a Kano da Kebbi da Jigawa. Amma bashin da yawa bai dawo ba, kuma dalar shinkafar da aka jera a Abuja a Janairun 2022 ba ta hana farashi hawa ba. Duk waɗannan shirye-shiryen tambaya ɗaya suke amsawa, yadda za a ƙara noma. Wadda ba su amsa ba ita ce wa zai saya idan an yi yawa, wa zai fitar idan an yi ƙaranci.

Magidancin ƙauye ya daɗe da amsa ta. Da kaka yakan cika rumbu ya liƙe bakinsa, samari su tafi cin rani, gida ya lallaɓa da abin da ya samu. Ba a buɗe rumbun sai damina ta kankama, lokacin da aiki ya yi yawa kuma hatsi ya yi tsada a kasuwa. Mai hali yakan ajiye damman da za su kwana shekara biyu ko uku. Ƙasa ma abin da take buƙata ke nan, sai dai nata yana da aiki biyu: ta saya da kaka a farashin da ba zai karya manomi ba, ta fitar da bazara da damina a farashin da ba zai kashe mai saye ba. Indiya ta iya rufe ƙofarta ba tare da fargaba ba ne domin tun 1965 take da hukumar da ke sayen alkama da shinkafa a farashin da aka sanar kafin shuka, tana riƙe da miliyoyin tan, tana raba wa mutane kusan miliyan 800.

Najeriya tana da manyan rumbunan zamani a wurare 33, masu ɗaukar fiye da tan miliyan ɗaya, amma da yawansu an ba 'yan kasuwa haya, kuma abin da ke ciki ba ya kusantar cika su. Tan 42,000 ɗin da aka yi shelar fitarwa a 2024, idan aka raba wa 'yan ƙasa, kowa bai samu giram 200 ba, tuwon dare ɗaya da ƙyar. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma gwamnatin da ta tashi sayen hatsi bayan ya yi tsada ƙara masa tsada take yi.

Na san abin da za a ce, kuma masu faɗa ba su yi ƙarya ba: rumbun gwamnati a Najeriya ƙofar sata ce. Mutane ba su manta da Oktoban 2020 ba, lokacin da aka fasa ɗakunan ajiya a jihohi da dama aka tarar da kayan tallafin korona a jibge. Hatsi yana ruɓewa, ajiya tana cin kuɗi, ɗan siyasa kuma zai so a buɗe rumbu ana gobe zaɓe. Amma wannan hujja ce ta a gyara yadda ake tafiyar da shi: a sanar da farashin saye tun kafin damina, a riƙa wallafa abin da ke ciki kowane wata, a ɗaure fitarwa da ƙa'idar farashi maimakon ganin damar wani. Kuma ba lallai duka ya zauna a hannun Abuja ba. A Nijar an daɗe ana gwada bankunan cimaka na ƙauye, da tsarin da manoma ke ajiye amfaninsu a ma'ajiyar ƙungiya su karɓi bashi a kansa, su sayar idan farashi ya tashi. Wannan yana magance abin da ya fi cin manomi, wato sayar da hatsi da arha da kaka don biyan bashi da hidimar biki, sannan ya dawo ya sayi hatsin nan da tsada a watan Yuli. Ko buhun nan mai ciki uku da ke hana wake ƙwari ba tare da an zuba masa guba ba, rumbu ne a ƙaramin mataki. Guba kuwa ita ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu tun 2015.

Nijar tana da wani darasin mai ɗaci. A yunwar 2005 yankin Maraɗi, wanda ke cikin wuraren da suka fi noma a ƙasar, yana cikin inda yara suka fi galabaita. Hatsi yana nan a kasuwa, kuɗin saye ne babu, wani ɓangarensa kuma ya bi farashi ya gangaro Najeriya. Daga Kano zuwa Katsina zuwa Maraɗi kasuwa ɗaya ce tun kafin a ja layin iyaka, gero da masara su hau, dabbobi da wake su gangaro. Duk lokacin da aka toshe ta, kamar bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, talakan ɓangarorin biyu ne ke biya, hatsin kuma bai fasa wucewa ta daji a kan babura ba, sai dai da ƙarin kuɗin hanya.

Daga can ɗin dai aka samu amsa mafi arha ga ƙasar da ta gaji. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin kututturan itatuwa su tofo a gona, suna sassabe su maimakon tumɓukewa. An ƙiyasta hakan ya farfaɗo da kadada kusan miliyan 5. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya ba gero taki ba tare da ya yi masa inuwa ba. Ga ramukan tassa da na rabin wata masu tare ruwa a faƙo. Waɗannan sun dace da irin ruwan da ake yi yanzu, mai zuwa da ƙarfi ya wuce, kuma ba sa jiran dala. Haka irin da cibiyoyinmu suka fitar, gero mai saurin nuna, da waken da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar a 2019 mai jure tsutsar fure, sai dai isarsu hannun manomi ita ce matsalar, domin malaman gona sun yi ƙaranci ƙwarai.

Noman rani kowa ya yarda da shi a baki. Madatsun Tiga da Bakolori da Goronyo da Dadin Kowa da Zobe an gina su da alkawarin kadada dubbai, da yawa ba a shimfiɗa magudanan da za su kai ruwan gona ba, wasu kuma yashi da kacala sun toshe su. Yawancin ban ruwan da ake yi a yau ƙaramin manomi ne da rijiyar burtsatse da injinsa a fadama, kuma tsadar fetur ce ta fara tura masu hali zuwa injin hasken rana.

Duk wannan lissafin yana tsayawa ne inda manomi zai iya zuwa gonarsa. A Nuwamban 2020 an yi wa manoman shinkafa fiye da 40 yankan rago a kusa da Zabarmari a jihar Borno. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja, ƙauyuka na biyan 'yan bindiga kafin shuka, su sake biya kafin girbi, gonakin nesa da gari kuma an bar su sun koma daji. Ƙiyasin da gwamnati da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a ƙarshen 2024 ya ce mutum miliyan 33 za su shiga matsanancin ƙarancin abinci a tsakiyar 2025, kuma mafi tsananin abin yana jihohin da ake rikici. Arahar da aka samu a kasuwa ba ta kai ga wanda ke sansanin gudun hijira ba shi da ko sisi ba.

Arahar ma tana da nata bashin. Manomin da ya yi asara a masara ba ya rubuta takardar koke, gona yake sauya wa amfani. Ya rage masara da shinkafa masu cin taki, ya ƙara dawa da gero da waken suya da riɗi, ko ya zuba rabin takin da ya saba. Mai injin casa da ya kasa gogayya da shinkafar waje ya sallami ma'aikata. Ba a ganin sakamakon wannan a shekarar da aka yanke shawarar, sai bayan girbi ɗaya ko biyu, lokacin da masara ta yi ƙaranci, masu gidajen kaji suka fara kuka, farashi ya sake tashi. Idan hakan ya haɗu da shekarar ambaliya a gida, ko shekarar da Indiya ta sake rufe ƙofa, gwamnati za ta koma kan iyaka ta tarar abin da za a shigo da shi ya yi tsada da dala, manoman da za su cike giɓin kuma an riga an kore su daga masara tun shekara biyu da suka wuce.